Da Sauƙi na Uku

Ƙarfe shida da minti arba'in na safiyar Asabar, mu huɗu ne a falon gidan Kabiru da ke hawa na sha ɗaya a unguwar Sentul, cikin Kuala Lumpur: ni, da mahaifiyarku Hajiya, da autanku Kabiru, da matarsa Rukayya. Jaririyarsu Ummi tana barci a ɗaki. Na san lokacin daidai domin agogon aljihun da aka ba ni ranar da na bar aiki yana tafin hannuna. Na fara da wannan sa'a ne saboda duk abin da kuka shekara huɗu kuna faɗa a kan rasuwar uwarku, daga ranar Litinin kuke ɗauko shi. Ni kuwa shekara talatin da ɗaya na yi a reluwe, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne, idan jirgi ya kauce daga kan dogo ba a tsayawa inda ya faɗi. Tashar da ya baro ake komawa, a nemi wanda ya ɗaga masa tuta.

Ga yadda muka kai ga wannan safiya. Mun je ƙasar ne saboda haihuwar Rukayya, uwarku za ta yi mata wankan jego, ni kuma in ga inda Kabiru yake koyarwa. Wata uku muka shirya yi. Sai korona ta zo, aka rufe filin jirgin sama, aka rufe masallatai, aka rufe mu a ɗaki uku da falo har wata goma. Uwarku ta samu abin yi, ga jika, ga girki, ga hira da Rukayya a kicin tun safe har azahar. Ni ba ni da komai sai taga. Sentul tsohuwar unguwar ma'aikatan reluwe ce, kuma daga tagar falon ana hango dogo. Na samo ƙaramin littafi na dinga rubuta lokacin wucewar kowane jirgi. Ku da kuka tashi bayan reluwe ta mutu ba za ku gane abin da na gani a littafin nan ba. Na fara aiki ina ɗan aji bakwai mai juya sigina a Kafanchan, na gama ina shugaban tasha, kuma kalmar da hannuna ya fi rubutawa a duniya ita ce “ya makara”. Sa'a huɗu, sa'a tara, kwana guda. Daga baya ma babu jirgin da za a ce ya makara, sai ciyawa da awaki a kan dogo. A nan kuwa ga jirgi babu fasinja saboda annoba, amma yana wucewa a kan mintinsa. Sai na ƙudurta a raina ba zan bar ƙasar nan ba sai na zauna cikin jirgi da agogona a hannu, na ga ya tashi a lokacin da aka rubuta.

A ƙarshen shekarar aka ɗan buɗe hanya tsakanin jihohi. Kabiru ya ce akwai wani gari, Kuala Kangsar, a bakin kogin Perak, tafiyar sa'a uku a jirgi, kuma kusa da shi akwai tsohuwar gadar dogo ta ƙarfe tun zamanin Turawa. Ana zuwa a dawo a yini ɗaya. Har ya yi raha, ya ce a Turai irin wannan tafiya ta bakin kogi gonakin inabi ake zuwa ana ɗanɗana giya, mu kuwa sai mu tafi da filas ɗin shayinmu. Na zauna na tsara jadawali da hannuna na manna a ƙofar firji. Fita daga gida, bakwai da minti goma. Babbar tasha, takwas saura minti goma. Tashi, takwas da rabi. Isa, sha ɗaya da minti ashirin da biyar. Gada, abinci, sallah. Jirgin dawowa, huɗu da kwata. Kwana tara ina duba takardar nan kamar yaro da kayan sallarsa.

Tun ranar Juma'a uwarku ba ta ci abincin kirki ba, kuma na ji tarinta. Da safiyar Asabar ɗin, a sa'ar da na faɗa, na riga na sa hula, ita tana zaune a kujera da mayafinta, sai Rukayya ta fito ta durƙusa gabana da abin auna zafi a hannu.

“Baba, jikin Mama da zafi sosai. Na auna sau biyu.”

Na ce, “Na ji.”

“Don Allah, Baba, a fasa tafiyar nan. A kira asibiti su zo su gwada ta. Gadar ba za ta gudu ba.”

Kabiru yana ɗaura takalmi, ya ɗago ya ce, “Mama, ya jikin?”

Shi ya tambaya, amma ni ta amsa wa. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Da sauƙi, Malam. Kada a fasa saboda ni.”

“Kin ji ko?” in ji Kabiru ga matarsa. “Da sauƙi ta ce. Sanyin esi ne kawai, ki daina tayar mana da hankali.”

A nan sai na tsaya na yi muku bayani, domin a kan wannan kalma komai ya rataya. Bahaushe ba ya cewa ciwo ya ci ƙarfinsa. Ko ana karanta masa Yasin, ka ce ya jiki, zai ce da sauƙi. Amma wanda ya zauna da mutum shekara arba'in da huɗu ya san ba duka ɗaya ba ne. Uwarku tana da “da sauƙi” iri uku. Na farko, “Da sauƙi, alhamdulillahi,” tana kallonka. Wannan gaskiya ne, ta warke. Na biyu, “Da sauƙi,” shi kaɗai, a gajarce. Wannan akwai ciwo amma za ta tashi ta ɗora tukunya. Na uku, “Da sauƙi, Malam,” kai a ƙasa, sannan ta ƙara da cewa kada a damu da ita. Kafin wannan safiya sau biyu kacal na taɓa jin na ukun. Na ji shi a Kafanchan ranar da cikin da ke tsakanin Asabe da Nasiru ya zube, ta kusa tafiya da shi. Na ji shi a Zariya kwana ɗaya kafin a yi mata aiki a ciki. Kabiru bai san wannan ba, ya bar gida tun yana ɗan sakandare, kalmar ya ji ya karɓa. Rukayya ba ta san shi ba ita ma, amma ta yarda da abin da hannunta ya taɓa. Mutum ɗaya ne a falon nan ya san ainihin abin da aka faɗa, kuma shi ne yake riƙe da agogo.

Rukayya ta sake cewa, “Baba…”

Ga abin da na ce mata, ba zan rage harafi ba: “Ke 'yar gidan wa ce da za ki tsara mini tafiya? A gidanmu suruka ba ta maimaita magana gaban uban miji. Ko ubanki bai koya miki ba?”

Ubanta bai cika shekara da rasuwa ba, kuma ba ta samu zuwa gaisuwa ba saboda kulle. Na san haka lokacin da nake faɗa. Ta ce, “Allah ya ba da haƙuri, Baba. Amma ni ba zan fita da Ummi ba.” Wannan shi ne zaman gidan da ke, Asabe, kika ce wai ta ƙi bin tsohuwa don ta samu ta miƙe ƙafa.

A lokacin, ba a shiga tasha sai an saita maka wata 'yar na'ura a goshi. Idan zafinka ya wuce ƙa'ida, a mayar da kai. Na san da wannan, don haka na yi shiri kamar yadda na saba. Bakwai saura minti biyar na ba uwarku farasitamol biyu, na lissafa zai kama jiki kafin mu isa. Na zuba ƙanƙara a leda, na naɗe da hankici, a cikin motar haya na ce ta dafa a goshi har mu sauka. Kabiru yana gaba yana duba waya. A ƙofar tasha wata yarinya mai takunkumi ta saita mata na'urar, ta duba, ta ce “Boleh,” wato an yarda, a wuce. Kuma ni, in gaya muku gaskiya, daɗi na ji. Ni da na taɓa tsare jirgin kaya sa'a shida saboda ƙafar tarago ɗaya ta yi zafi, wani babban ɗan kasuwa yana zagina har da uwata, na ce ko gwamna ne ba zan ɗaga tuta ba sai ta huce. Ƙafar tarago na tsaya wa. Matata na wuce da ita da ƙanƙara.

Jirgin ya tashi takwas da rabi. Ba da minti ɗaya ba, ba saura minti ɗaya ba. Ko girgiza bai yi ba, sai na ga tasha tana ja da baya. Na nuna wa uwarku agogon, ta gyaɗa kai ta ce, “Ka ga abinka, Malam.” Muka fita daga gari, muka shiga gonakin kwakwar manja, layi-layi har iyakar gani, daga nan sai duwatsu farare masu tsayi da itatuwa a kansu. Kowace tasha na duba, na rubuta. Sanyin cikin taragon ya yi mata yawa, ta haɗa mayafinta da babbar rigata ta lulluɓa, haƙoranta suna haɗuwa. Na gani. Na ce a raina idan mun sauka rana za ta gasa ta.

A kujerar da ke tsallaken hanya akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar, fara, 'yar ƙarama, da carbi a hannu. Ta dube mu ta ce, “Makan angin?” Kabiru ya fassara, ya ce tana tambaya ko yawon buɗe ido muka fito, amma a harshensu cin iska ake cewa.

Uwarku ta ce, “Ikon Allah. Mu sha muke yi, su ci suke yi. Ka ce mata ta bar mana ragowa.”

Suka yi dariya su biyu, dariyar ta juye wa uwarku tari, ta sauke takunkumi don ta sha ruwa. Tsohuwar ta taso ta dafa mata baya, ta buɗe leda ta ba ta inabi, suka zauna kafaɗa da kafaɗa har tasha biyu, ba mai jin harshen wata. Ban san sunan matar nan ba. Ban san inda ta sauka ta je ba, ko jikoki nawa suka rungume ta a ranar, ko ta ga ƙarshen watan. Babu sallar da nake yi ban tuna ta ba.

Uwarku ta ci inabin guda biyu ta miƙo mini sauran. Ta ce, “Inabin ƙasar nan ba shi da ɗanɗano. Kamar ruwa.”

Na sa ɗaya a baki. Zaƙi kamar zuma. Duk wanda ya yi wata goma yana sauraron labarai ya san abin da ɗaukewar ɗanɗano take nufi. Kabiru ya ci shi ma, ya dube ni. Ni na dubi agogo.

Wurin yana da kyau, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Kogi ne mai faɗi, ruwansa ja-ja, yana tafiya a hankali, gaɓarsa kore shar, da 'yan kwale-kwale a ɗaure. Gadar tana tsaye a kan ginshiƙan dutse, baƙin ƙarfe, kowace ƙusa a mazauninta bayan shekara fiye da ɗari. Na taka ta daga wannan baki zuwa wancan na dawo, ina ƙirga ginshiƙai, ina shafa ƙarfen. Minti hamsin na yi. Uwarku ba ta hau ba, tana zaune a benci a ƙasa. A nan Kabiru ya ɗauki hoton da kowannenku ya sa a wayarsa, kuna cewa ga Mama tana murmushi kwana goma sha ɗaya kafin rasuwarta. Ku buɗe hoton ku dubi hannunta na hagu. Ba ado ta yi da shi a kan ƙarfen bencin ba, riƙewa ta yi don kada ta kife.

Da muka je masallaci, a zaune ta yi sallah. Ban taɓa ganin haka ba, ko da tsohon ciki. Kabiru ya ja ni gefe.

“Baba, akwai asibiti a garin nan. Ko mu leƙa?”

“Jirgi huɗu da kwata ne.”

“Ai akwai na bayansa.”

Na ce, “Abin da aka rubuta shi za a bi.”

Muka bi shi. Jirgin dawowa ma bai makara ba, yana nan a littafina.

Ranar Lahadi ba ta tashi daga gado ba. Rukayya ta aiko Kabiru ya roƙe ni a kira asibiti, na ce a bari mu ga gobe. Kuna iya cewa tsoro ne irin na tsoho, kada a ɗauke masa mata. Da haka ne da na samu abin fakewa. Dalilina shi ne, na san idan suka zo za su tambayi inda muka je, kuma kowace ƙofa da muka shiga an rubuta mu a waya. Za a gane an shiga jirgi da mai zazzaɓi, a tambayi yadda ta wuce na'ura, Kabiru ya ji kunya a wurin aikinsa, ni kuma a san abin da na yi da ƙanƙara. Sunana na tsare, yini guda cur, tana numfashi kamar mai hawan dutse.

Litinin, tara da kwata na safe, Rukayya ta shigo falo. Wannan karon ba ta durƙusa ba.

“Baba, na kira su, suna hanya. Leɓen Mama ya canza launi. Ka yi mini duk abin da za ka yi.”

Ma'aikatan asibiti suka zo cikin fararen riguna na leda, fuska a rufe, suka fita da ita a kan keke. A bakin lif ta juyo tana neman wani da ido, kuma ba ni take nema ba. Ta ce wa Rukayya, “A dama wa Malam kununsa, ba ya son mai kauri.” Wannan ita ce Litinin ɗin da kuke fara labarinku da ita.

Aka gwada mu, ni da Kabiru muna da cutar, aka ɗaura mana munduwar roba a hannu, alamar killacewa, aka hana mu fita. Likita ya gaya wa Kabiru a waya cewa an kawo ta a makare, huhun ya riga ya cika. Ban ce da an kira ranar Asabar da ta rayu ba. Rai na Allah ne, kuma kwana idan ya ƙare ya ƙare. Amma ajali daban, tuta daban, kuma tutar a hannuna take.

A kwana na takwas, bayan la'asar, wata ma'aikaciyar jinya ta riƙe mata waya don mu ga juna. Ban gane ta da farko ba saboda robar da ke fuskarta. Sai na faɗi abin da aka saba.

“Hajiya, ya jikin?”

Ta daɗe tana tara numfashi. Ta dube ni ido cikin ido, ta ce, “Babu sauƙi, Malam.”

Shekara arba'in da huɗu, ban taɓa jin wannan daga bakinta ba. Sannan ta ce, kalma ɗaya-ɗaya, “Yarinyar nan ta yi daidai. Kada ka bari a ci mata mutunci.”

Washegari Laraba, biyu da minti biyar na rana, ta cika. Ba a yi mata wanka ba, taimama aka yi mata a kan abin da aka naɗe ta. Waɗansu bayin Allah 'yan ƙasar, da ba su san ko sunan garinmu ba, suka yi mata sallah suka sa ta a makwancinta, mu muna kallo a waya daga hawa na sha ɗaya.

Kwana uku bayan haka, saƙonki na murya ya shigo zauren iyali na waya, Asabe. Kika ce matar Kabiru ta miƙa uwarmu ga baƙi don ta huta da jinya, ta sa an binne ta kamar kaya, babu wanka babu dangi. Kai kuma Nasiru ka ce ba za ta sake taka gidanmu ba. Ina kwance a kujerar falo da zazzaɓi lokacin da Kabiru ya kunna, Rukayya tana tsaye a kaina da kofin kunu. Ta ji duka. Kabiru ya ɗauki waya zai ba ku amsa, ta riƙe masa hannu.

Ta ce, “Bar su. Sun rasa uwa, kada ka sa su rasa uba.”

Ta juyo ta ce, “Baba, sha kafin ya huce.”

Na sha. Na yi shiru a ranar, na yi shiru da na dawo Zariya, na yi shiru sallah takwas, ina ji kuna tsallake sunanta a gaisuwa. Kuka yi bikin 'yar Nasiru ba ku gaya mata ba. Ta haifi namiji, ta sa masa sunana, babu wanda ya ce mata barka. Wasiyya ɗaya uwarku ta bar mini, ita ma na makarar da ita shekara huɗu.

Laifina na faɗa, amma ku ma ba ku fita ba. Ku shida ne, duk da karatunku da ya fi nawa, babu wanda ya zaunar da ni ya ce, Baba, me ya faru ranar da aka ɗauki hoton nan? Kun samu mai laifi a nesa, wadda ba jininku ba, wadda ba ta ramawa, ya yi muku daɗi. Kuna zuwa kuna cewa “Baba, ya haƙuri?” ina cewa “Da sauƙi,” kuna karɓa kuna tashi. Kabarin da kuke kuka a kansa babu wanda ya taɓa ganinsa a cikinku. Rukayya ce take zuwa duk Juma'ar farkon wata, ta hau jirgi biyu da yara, ta cire ciyawa.

Ga abin da nake nema, kuma a bi shi a jere. Asabe, ke ce babba, ki tara ƙannenki da matansu da mazansu a falona, ki karanta wannan rubutu da bakinki, da ƙarfi, kada ki tsallake wurin ƙanƙara, kada ki tsallake abin da na ce a kan ubanta. Bayan haka a kira Rukayya, ni zan fara magana, sannan ke, sannan Nasiru. Kada a jira sallah, kada a jira arba'in ɗina. Na san abin da za ta ce, domin a hannun uwarku ta koya. Za ta sunkuyar da kai ta ce ba komai, ya wuce. Don Allah kada ku karɓa. Ku sake tambayarta.